Juji ma dukiya ne a lambunan Jazira

Tun da Muhammadu Bello Mai Wurno ya yada zango kusa da Sinnar ta ƙasar Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, Hausawan gaɓar Shuɗin Kogin Nilu suke cin albarkar laɓon da ambaliya ke ajiyewa. Yanzu madatsun ruwa, daga na Rusairis zuwa katafaren na Habasha, suna tare kaso mai yawa na wannan laɓo, yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuma ya sa buhun takin zamani ya gagari talaka.

Saboda haka bai kamata mai lambu ya ci gaba da raina juji ba. Baƙar lakar Jazira kan tsattsage da rani har hannu ya shige, ruwan ban-ruwa ya zurare. Ɓawon gyaɗa, kashin awaki, toka da sharar tsakar gida, in aka jibge su a rami ana yayyafa ruwa ana juyawa, cikin wata uku sun ruɓe sun zama taki. Ciyawar da aka shimfiɗa a fangalin tumatir kuwa tana riƙe danshi.

Karan auduga dai ba ya shiga ramin. Ƙone shi ake yi don kashe cuta.