Wanda mota ta kaɗe a hanyar Filinge yana da haƙƙi, ko da shi ya yi ganganci

Hanyar ƙasa mai lamba 25, wadda ta tashi daga Yamai ta bi ta Baleyara da Bonkuku ta isa Filinge, tana ratsa tsakiyar garuruwa da bakin kasuwanni. Ranar Lahadi a Baleyara, masu ƙafa da amalanke da dabbobi da manyan motoci duk kwalta ɗaya suke rabawa. Idan tsautsayi ya faɗa wa mai tafiya a ƙafa, abin da aka saba gani shi ne direba ya zo da dattawa, a ba da haƙuri, a ajiye ɗan kuɗin magani, a ce ƙaddara ce. Bayan wata shida direba ya koma bakin aikinsa, wanda ya karye kuwa yana kwance, damina ta wuce bai yi noma ba.

Mun yarda da ƙaddara, kuma yafiya halin kirki ce. Sai dai iyalai da yawa a ƙasar Kurfey suna yafe abin da ba su san nasu ba ne, kuma suna yafe wa wanda bai roƙe su ba, wato kamfanin inshora, ko asirans kamar yadda muke cewa.

Nijar na cikin ƙasashe 14 da ke aiki da kundin dokar inshora na CIMA, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ya fara aiki a 1995. Aya ta 200 ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji, har da babur, ya ɗauki inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wasu. Aya ta 228 kuma ta ce wanda ya ji rauni, in ba shi ne direba ba, za a biya shi diyyar jikinsa ba tare da an kafa masa hujja da kuskurensa ba, sai fa in da gangan ya nemi abin ya same shi. Ke nan tsohuwar da ta tsallaka ba ta duba ba, da yaron da ya biyo akuya ya faɗa kwalta, dukkansu suna da haƙƙi. Maganar "ai laifinsa ne" ba ta soke komai.

Diyyar ta haɗa da kuɗin magani, da kwanakin da mutum ya yi bai iya aiki ba, da naƙasar da ta zauna, da azabar da ya sha. Idan rai aka rasa, akwai kuɗin jana'iza da kason mata da 'ya'ya da iyaye. Manomi ko makiyayin da ba shi da takardar albashi ba a kore shi ba, ana yi masa lissafi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa.

Duk wannan ya rataya ne a kan takarda, kuma a nan ake yin asara. Abu na farko, a kira jandarmomi su auna wurin su rubuta rahoto. Doka ta ba su wata uku su aika wa kamfanin inshora kwafinsa. A ɗauki lambar motar da hoton takardar inshorarta da sunayen shaidu. A asibitin Filinge, ko a Yamai in an tura mara lafiya can, a karɓi takardar likita da ta bayyana raunin tun ranar farko. Mai ɗori na iya gyara ƙashi, amma kamfani ba ya biya da bakinsa. 'Yan uwanmu da ke Abijan da Legas da Akra da Libiya, ku da kuke turo kuɗin magani, ku riƙa tambayar rasit na kowane magani da kowane hoton ƙashi, domin da su ake mayar da kuɗin.

Daga nan doka ta ɗora wa kamfanin ya gabatar da tayin diyya cikin wa'adi, da tara a kansa in ya yi jinkiri. Wanda ya sa hannu ya gane an tauye shi yana da kwana 15 ya janye a rubuce. In yaro ne aka kaɗe, sai waɗanda doka ta ba iko a kansa sun amince da tayin. In an kasa daidaitawa, ƙofar kotu a buɗe take, amma haƙƙin yana faɗuwa bayan shekara 5 da hatsarin. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa don taimaka wa marasa hali a harkar shari'a.

Wasu za su ce karɓar kuɗi a kan jini bai dace da mutumin kirki ba, ko kuma kai ƙara zai ɓata zumunci, tunda sau da yawa direban ɗan gari ne. Musulunci da kansa ya shar'anta diyya a kisan kuskure, kuma ya bar wa masu haƙƙi zaɓin yafewa. Zaɓi kuwa sai da sani. Ana iya yafe wa direba har zuciya, a kuma nemi kamfanin da ya karɓi kuɗinsa ya cika alkawari. Kason maraya ma ba na kawunsa ba ne balle ya yafe shi.

Babbar matsala ita ce motar da ba ta da inshora, ko direban da ya gudu. A nan sai a bi mai motar da dukiyarsa a kotu, in an gano shi. Kundin CIMA ya tanadi kowace ƙasa ta kafa asusun da zai biya irin waɗannan mutane, kuma Senegal ta daɗe da nata. Muna kira ga gwamnati ta tabbatar mutumin Tukunus ko Bonkuku zai iya cin moriyar irin wannan asusu ba sai ya san wani a Yamai ba.

Akwai kuma abin da za a iya yi tun yanzu. Jandarmomi su riƙa ba iyalai lambar rahoto da sunan kamfanin inshora ba tare da an yi ta sintiri ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da gidajen rediyon karkara su bayyana aya ta 228 da Hausa da Zabarmanci da Tamashek. Sarakuna da limaman da ake kai wa sulhu su fara da tambayar ko motar na da inshora kafin a yi addu'a a watse. Matasan da suka yi karatu kuma, duk ranar da aka kaɗe wani a garinku, ku je asibiti da biro da waya, ku rubuta lambar motar, ku adana takardun.