Amosanin Jini: A Daina Ɗora wa Uwa Laifi

Har yau akwai gidajen da in yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi, sai dangin miji su nuna uwa da yatsa, su ce ita ta shigo musu da cuta cikin zuri'a. Wani lokaci har aure ya mutu a kan haka. Wannan zalunci ne da jahilci ya ɗaure wa gindi, domin amosanin jini ba ya kama yaro sai ya gaji ƙwayar halittar cutar daga uwa da uba duka.

Tun 1865 Gregor Mendel ya nuna, da waken da ya shuka a lambu, cewa siffar gado tana tafiya ne da ƙwayoyi biyu, ɗaya daga kowane mahaifi. Idan miji AS ne, mata ma AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya AA. Masu cewa tunda an haifi mai sikila ɗaya sauran ukun sun tsira sun yi kuskuren lissafi: kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce.

Akwai kuma masu kawo takardar rukunin jini, A ko B ko O, su ce sun yi gwaji. Wannan daban, wancan daban. Ko gwajin nan mai arha, wanda ake ɗiga jini a gilashi, a zuba sinadarin da ke janye iskar oksijin, a duba ta madubin likita ko jajayen ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje, bai wadatar ba. Ba ya rabe AS da SS, kuma ba ya ganin nau'in C, wanda ya yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso, alhali mai SC ma yana shan ciwo. Gwajin da ya kamata shi ne wanda wutar lantarki ke rarrabe nau'o'in himogulobin a kan takarda ta musamman, dabarar da Linus Pauling da abokan aikinsa suka fara bayyana asalin cutar da irinta a 1949.

Iyayen da ke bin diddigin asalin mai neman ƴarsu har kakan kaka ba su da hujjar ƙyale wannan gwaji. A yi shi kafin a kai goro, tun magana ba ta yi nisa ba. Wanda ya ƙi, kada gobe ya zargi uwar ƴaƴansa.