Kwalba Ɗaya Ce, Amma Jiki Ba Ɗaya Ba Ne

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan filin da ka saba ba ni, don makon nan ina da magana wadda na san wasu za su ce ba ta shafe su ba, watau maganar giya da tuƙin mota. Malam na Unguwar Juma ko na Kona zai ce, "Mu da ba mu sha, ba a kuwa kafa mata gida a cikin ganuwa, ina ruwanmu?" Gaskiyarka, Allah gafarta malam, ba ka sha. Amma kana shiga mota zuwa Kano ko Kaduna, ɗanka yana hawa babur daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada, ba ka kuwa san inda direban ya yi hira jiya da dare ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro ɗan maƙwabcina, siriri ne kamar sillen kara, yana koyon tuƙi wajen wani direban babbar mota, ƙaton mutum mai ƙirar samudawa. Wata rana da dare suka zauna a Sabon Gari, daga wajen ƙarfe 11 kowa ya sha manyan kwalabe 3, sa'an nan suka kwanta a tasha. Da asuba, wajen ƙarfe 5, maigidan ya miƙa wa yaron tuƙi don hannunsa ya faɗa. Ba su yi nisa da Kwangila ba yaron ya banke wani magidanci mai babur da ya ɗauko kwandon tumatir. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafa ta karye wuri biyu, ga shi yanzu uban yaron yana neman jinginar da gonarsa don biyan magani. Da na je jaje sai yaron ya ce mini, "Yaya, abin da na sha shi maigidana ya sha, barci ɗaya muka yi, shi ya tashi garau. To, ni me ya same ni?" Amsar tambayar nan nake so in bayar a nan, don na tabbata ba shi kaɗai ke da ita ba.

Ku ɗebi gishiri cokali ɗaya ku zuba a randa, ku ɗebi wani cokalin ku zuba a ƙoƙo, sa'an nan ku ɗanɗana. Gishirin ɗaya ne, amma ruwan ƙoƙo ba ya shawuwa. To, haka sha'anin yake. Barasa, watau ƙarfin nan mai sa maye da ke cikin giya, in ta shiga ciki sai ta bi jini ta watsu cikin ruwan jiki duka. Mai babban jiki randa ne, mai ƙaramin jiki ƙoƙo ne. Wani masani mutumin Suwidin, Erik Widmark, shi ya tsara lissafin wannan a 1932, har yau kuwa likitoci da kotuna suna aiki da shi. Ya nuna cewa in kana son sanin yawan barasa a jini, sai ka raba nauyin barasar da aka sha da wani kashi na nauyin mai shan, kamar kashi 68 cikin 100 ga namiji, kamar kashi 55 ga mace.

Na zauna na buga lissafin yadda aka koya mana a makaranta a Wusasa. Babbar kwalba mai mililita 600, in barasarta kashi 5 ce cikin 100, tana ɗauke da barasa kusan giram 24. Namiji mai kilo 90 in ya shanye ta, lissafi ya ba da kusan miligiram 40 cikin kowane mililita 100 na jininsa. Namiji mai kilo 55 kuwa kusan 65. Mace mai kilo 55, nauyi ɗaya da shi, kusan 80. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba ƙasashe shawara kada su bar direba ya wuce 50, sabon direba ko matashi kuwa kada ya wuce 20. Kun gani ke nan, kwalba guda tak, ɗaya bai kai iyaka ba, biyu sun tsallake ta.

Me ya sa mace ta fi namiji ko da nauyinsu ɗaya? Ba raunin hankali ba ne, halitta ce. A yawancin hali jikin mace ya fi na namiji kitse, ya gaza shi tsoka, tsoka kuwa ita ke riƙe ruwa, kitse ba ya riƙe sai kaɗan. Saboda haka ƙoƙonta ya fi nasa ƙanƙanta. Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwanmu mata masu tuƙa motocinsu a Samaru da Sabon Gari, kada wadda ke sha ta auna kanta da mijinta ko ƙanenta a wurin biki. Gargaɗi ne kuma ga mai tumbi, wanda ke bugun ƙirji yana cewa shi ƙato ne ba ta kama shi. In nauyin nan nasa teɓa ce, to kallon kitse yake yi wa rogo, randarsa ba ta kai girman da yake zato ba.

Yanzu mu koma kan yaron nan. Na ƙiyasta maigidansa kilo 90, shi kuwa 55. Kwalba 3 giram 72 ke nan. Lissafi ya ba maigida kusan 120, ya ba yaro kusan 190. Hanta ce ke aikin kawar da barasa, ba ta kuwa gaggawa, abin da take ragewa cikin sa'a ɗaya kamar miligiram 15 ne. Daga ƙarfe 11 zuwa 5 sa'a 6, watau an rage 90. Maigida ya tashi da wajen 30, yaro ya tashi da wajen 100, ninki biyu na iyakar da aka faɗa. Ashe barci ya yi, amma da maye ya kama sitiyari. Goro da shayi mai kauri da wanka da ruwan sanyi suna buɗe ido ne kawai, ba su taɓa abin da ke cikin jini. Tuwo a ciki yakan jinkirta shigar barasa jini, amma ba ya hana ta shiga.

Wani zai ce, "To, in mutum bai yi tangaɗi ba, ina laifi?" Laifin shi ne barasa takan fara taɓa hankali da ido tun ba ta kai ga ƙafa ba. Takan jinkirta taka birki, ta ɓata auna nisa, ta kuma sa wa mutum ƙarfin hali na banza, har ya ga zai iya wuce tirela a kwana. Mota mai gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 cikin daƙiƙa ɗaya, jinkirin daƙiƙa guda ya isa a yi marayu. Wanda ya daɗe yana sha yakan iya ɓoye mayensa, ya yi magana sumul, amma sabo ba ya rage abin da ke jini. Don haka ne Norwe ta kafa iyakar 50 tun 1936, Ingila ta kafa 80 a 1967, Suwidin ta sauko da tata zuwa 20 a 1990. Na'urar da ake hura wa numfashi don awo, wadda Robert Borkenstein ya ƙera a Amurka a 1954, ba ta tambayar shekara nawa ka yi kana sha.

Kada kuma wani ya ɗauki lissafin nan nawa ya mai da shi mudu, ya ce shi mai kilo 90 ne, an yarje masa kwalba ɗaya. Lissafin ƙiyasi ne, jiki ya bambanta, abin sha ma ya bambanta. Burukutu ba a rubuta ƙarfinta a jikin ƙwarya ba, kowace tukunya da nata. Abin nan mai ɗaci da ake sayarwa a tasha cikin 'yan ledoji da sunan maganin basir ko ciwon baya, sau da yawa barasarsa ta ninka ta kwalba sau shida ko fiye. Ma'auni ɗaya ne ba ya ƙarya, wanda zai tuƙa kada ya sha, wanda ya sha da dare kada ya tuƙa da asuba.

Ina roƙon shugabannin tasha su sa ido kan yaran mota, don yaro da maigidansa yake koyi. Ina roƙon Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, ta riƙa kai na'urar awonta tasha da sassafe, lokacin lodi. Malaman makaranta su ba yara wannan lissafi a aji, ya fi lissafin lemo da mangwaro amfani. Mu kuma fasinjoji, in mun ji wari a bakin direba, mu sauka ba kunya, gara asarar kuɗin mota da asarar ƙafa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya kiyashe mu da sharrin hanya, ya ba mai tumatir lafiya, amin.

Ni ne naka,
Akawun Ƙofar Doka,
Birnin Zariya.