Kukan Fanka Jawabi Ne: Kafin A Sayo Uwar Garke Zuwa Sharabi

Akwai wata sabuwar ƙara da ta fara shiga ofisoshinmu na karkara, bayan ta janareta da muka riga muka saba da ita. Tana kama da rugugin jirgin sama mai shirin tashi, kuma tana fitowa ne daga wani faffaɗan akwatin ƙarfe da akan ɗora a kan teburi a kusurwar ɗaki. Wannan akwati shi ne uwar garke, wato babbar kwamfutar da ake tara bayanai a cikinta domin sauran kwamfutoci su riƙa ɗiba suna mayarwa. Makarantu da asibitoci da ƙungiyoyin manoma da cibiyoyin rubuta jarrabawa ta kwamfuta, kowa na neman tasa. Wannan ci gaba ne, domin mun daɗe muna asarar takardu a bakin gara da yoyon damina. Sai dai yadda muke sayen waɗannan na'urori yana neman mayar da mu gidan jiya ta wata ƙofar.

Abin da ya sa na ɗauko zancen a wannan mako shi ne tambayar da wani tsohon ɗalibina ya aiko mini daga Sharabi, a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, can inda ƙasarmu ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Wurin aikinsa na shirin sayen uwar garke, kuma ya taɓa ganin irinta a wani ofis inda ma'aikata kan kashe ta da rana saboda ta hana su jin maganar juna. Ya ce in gaya masa wane akwati zai zaɓa, sannan ta yaya zai sa fankokinta su yi shiru. Amsata ita ce waɗannan tambayoyi biyu tambaya ɗaya ce. Tun ran gini ran zane: ranar da aka zaɓi akwati, ranar aka yanke hukuncin ko ɗakin zai zaunu ko ba zai zaunu ba.

Bari mu fara da awo. Ana ƙera waɗannan akwatuna ne domin a zura su cikin kabad ɗin ƙarfe mai hawa-hawa, wanda faɗinsa inci 19 ne a ko'ina a duniya. Tsayin akwati kuwa ana auna shi da wani ma'auni da ake kira U, kowane U ɗaya inci 1.75 ne, wato ƙasa kaɗan da santimita huɗu da rabi. Saboda haka akwai akwati mai 1U, siriri kamar faranti, akwai mai 2U, akwai kuma mai 4U wanda tsayinsa ya kai inci 7. Wannan ɗan bambanci shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Akwati mai 1U ba ya ɗaukar fankar da ta wuce milimita 40, alhali mai 4U na ɗaukar fanka mai milimita 120. Faɗin babbar ya ninka na ƙaramar sau uku, fuskarta kuwa ta ninka sau tara. Don ƙaramar ta tura iskar da za ta sanyaya na'ura, dole ta yi juyi fiye da dubu goma a minti ɗaya, wani lokaci har kusan dubu ashirin. Babbar kuwa tana iya sauke nauyin da ke kanta da juyi dubu ɗaya zuwa dubu biyu. Kamar mai fifita da maficin kaba ne da mai fifita da murfin ashana: duk iska suke nema, amma ɗaya zai galabaita.

Masana injiniya suna da ƙa'idar da ta bayyana wannan. Idan aka rage saurin fanka da rabi, iskar da take turawa za ta ragu da rabi, wutar da take sha za ta koma kusan kashi ɗaya cikin takwas, ƙararta kuma ta sauka da kimanin desibel 15. Kunnen ɗan Adam kan ji ragin desibel 10 tamkar an raba ƙara biyu. Hirar mutum biyu a ɗaki takan kai kusan desibel 60, siririyar uwar garke kuwa idan ta ɗauki zafi tana iya haura 70. Wanda zai wuni a gefenta yana karɓar marasa lafiya ko yana lissafin kuɗin jama'a, ba za a zarge shi ba idan hannunsa ya kai ga makunni.

To me ya sa siraran akwatunan suka fi yawa a kasuwarmu? Saboda akasarinsu gwanjo ne. Manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na Turai da Amurka kan sauya na'urorinsu bayan wasu 'yan shekaru, tsofaffin kuma su biyo jiragen ruwa zuwa Legas da Kwatano. Mutanen Bagudo ba sa bukatar a yi musu bayanin kayan Kwatano, hanyar Tsamiya zuwa Segbana a ƙofar gidansu take. Ba na zargin gwanjo don yana gwanjo, da yawa daga cikin waɗannan na'urori suna da sauran ƙarfi. Abin lura shi ne gidan da aka ƙera su dominsa. An yi su ne don manyan zauruka marasa ƙura, inda kowane taku na fili kuɗi ne, inda babu mai zama balle ƙara ta dame shi, inda kuma na'urorin sanyaya ɗaki ba sa hutawa. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar iskar da ke shiga irin waɗannan na'urori ta kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Selshiyos. Mai karatu ya kwatanta wannan da bazarar Kebbi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle a ɗaki mai rufin kwano marar silin. Na'urar tana da ma'aunin zafi a cikinta. Da ta ji iskar da take shaƙa ta yi zafi, sai ta umarci fankokinta su ƙure gudu. Kukan kurciya jawabi ne, in ji Hausawa, kukan fanka ma haka: tana shaida mana cewa an kawo ta inda ba a shirya mata ba.

A nan ne mutanenmu kan yi dabarun da ke jawo asara. Wani ya lulluɓe ta da zane don kare ta daga ƙura. Wani ya kulle ta a kabad ɗin katako don ƙarar ta ragu. Wani ya kira mai gyara ya cire fanka biyu, ko ya maye gurbinsu da ƙanana marasa ƙara da aka yi wa kwamfutar gida. Duk waɗannan suna rage kuka, amma fayafan ajiya da ke ciki su ke biyan bashin. Yawancin masu ƙera fayafai sun sa digiri 60 a matsayin iyakar zafin da faifai zai yi aiki a cikinsa, kuma masu kula da su kan so ya tsaya ƙasa da 45. A akwatin ajiya ana jera fayafan ne a gaba, a matse da juna, don haka fankar da za ta jawo iska ta tsakaninsu dole ta kasance mai ƙarfin zuƙa. Fanka mai shiru wadda ba ta da wannan ƙarfi za ta yi ta juyi a banza, fayafai na dahuwa, ba wanda ya sani sai ranar da aka nemi sakamakon jarrabawar ɗalibi ko tarihin jinyar wata baiwar Allah aka tarar babu.

Ita kanta ƙarar ba kunnen mutum kaɗai take cutarwa ba. Faifai yana juyi 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurar da ke karanta shi kuma tana shawagi a samansa da tazarar da ido ba ya gani, don haka girgiza maƙiyiyarsa ce. A watan Satumba na 2016, bankin ING da ke Bukares a ƙasar Romaniya ya gwada na'urar kashe gobara mai fesa iskar gas a ɗakin ajiyar bayanansa. Ƙarar fitar iskar kaɗai ta lalata fayafai da dama, har hada-hadar bankin ta tsaya kusan awa 10. Idan haka ta faru a banki a Turai, ya kamata mu yi tunani kafin mu ajiye tamu uwar garken a jikin bangon da janareta ke jingine da shi.

Ga abin da nake ba da shawara. Da farko a tambayi kai ko ana bukatar akwatin kabad ɗin ma. Bayanan ƙaramin asibiti ko makaranta na shekaru masu yawa suna shiga cikin fayafai biyu, ɗaya na kwafar ɗaya. Ƙaramin akwatin ajiya mai gurbi biyu ko huɗu, wanda ke shan wat 20 zuwa 40 kuma da ƙyar ake jin numfashinsa, ya ishi irin wannan wuri. Sayen abin da ya fi ƙarfin bukata don a burge baƙi almubazzaranci ne.

Idan aikin ya kai a sayi babba, a ɗauki mai 4U, ko aƙalla 3U, mai jerin manyan fankoki a tsakiya. A tabbatar fankokin irin masu waya huɗu ne, waɗanda na'ura ke iya ƙara musu gudu ko ragewa gwargwadon zafi. A duba akwatin rarraba wuta na ciki, domin sau da yawa 'yar fankarsa ce ta fi kowace tsiwa, kuma akwatin 4U kan karɓi irin na kwamfutar teburi mai babbar fanka. Kada a cika dukkan guraben fayafai idan ba dole. Fayafai shida masu yawan ɗauka sun fi goma sha biyu ƙanana sauƙin sanyayawa. Guraben da suka rage a toshe su da marufansu, don iska ta bi ta kan fayafai maimakon ta zame ta inda ya fi mata sauƙi. A sa robobi a mazaunin fankoki da ƙafafun akwati don rage girgiza.

Sai maganar wuta, wadda mai sayarwa ba zai tayar ba. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, tana kan Kogin Neja ɗin nan da ya ratsa ƙasar Bagudo, amma kowa ya san ofishin karkara a yau da sola da batir da inbata yake dogaro. Tsohuwar na'ura mai shan wat 250 za ta cinye awon wuta 6 a kwana ɗaya, mai shan wat 100 kuwa ba za ta kai biyu da rabi ba. Bambancin nan batura ne da farantan sola na kuɗi masu yawa. Kuma duk wutar da na'ura ta sha, zafi take komawa a cikin ɗakin. Wanda ya rage shan wuta ya rage zafi, wanda ya rage zafi ya rage kuka.

Ɗakin ma yana da nasa haƙƙi. Iska tana shiga akwatin ta gaba ta fita ta baya, don haka kada a manna bayansa da bango, kada kuma a ajiye shi a ƙasa inda ƙura ke kwanciya. A ware masa ɗan ɗaki a gefen ginin da rana ba ta duka da yamma, mai silin, mai ƙaramar taga a sama inda iska mai zafi za ta fice. Kakanninmu da suka gina soraye masu kaurin bango sun fi mu sanin wannan ilimi. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ragar tace ƙura da ke gaban akwati tana toshewa da wuri, toshewarta kuma ita ke sa fanka ta ƙara ihu. A ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, alhakin cire ta ya kakkaɓe duk mako. Kowane faifai yana ba da rahoton zafin jikinsa ga wanda ya duba, saboda haka bayan duk wani sauyi da aka yi wa fankoki, a auna. A yi gwajin da azahar a watan Afrilu, na'ura na tsaka da aiki. Gwajin da aka yi da sanyin safiyar Janairu yaudarar kai ne.

Wani zai ce me ya kai mu wannan wahala alhali ana iya ajiye komai a intanet? Ajiyar intanet tana da kyau a matsayin kwafi na biyu, ina ma ƙarfafa a yi ta, domin fayafai biyu a akwati ɗaya gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su. Amma mu tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka shiga ruɗani. Mu tuna kuma Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Garin da ke bakin iyaka, nesa da Birnin Kebbi, yana bukatar bayanansa a kusa da hannunsa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin kare su daga ɓacewa da lalacewa. Kafin doka ma, amana ce.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu da jami'an lafiya da masu sa hannu a takardun sayayya, daga Sharabi zuwa Illo da Kaoje da sauran garuruwanmu masu irin wannan yanayi. Idan ɗan kwangila ya kawo takardar farashi, kada a tsaya ga yawan abin da na'ura ke ɗauka. A tambaye shi girman fankokinta, da wutar da take sha, da zafin da fayafanta za su kai a ɗakin da za a ajiye ta a tsakiyar bazara. A sa ya kunna ta a gaban wanda zai zauna da ita. Idan ya amsa, a biya shi haƙƙinsa. Idan ya fara kame-kame, a riƙe kuɗin jama'a har a samu wanda ya san aikin.

Mu haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.