Ba Kowace Ƙwaya Ke Kawo Cuta Ba

Ya 'yan'uwana malamai da ɗalibai, ina so in jawo hankalinku ga wani kuskure da mu ke yi a aji. Sa'ad da na je gwajin koyarwa a wata firamare kusa da Gidan Kwano, na tambayi yara, "Mene ne aikin ƙwayoyin nan da ido ba ya gani?" Duk suka amsa baki ɗaya, "Cuta, Malam!" Ban ga laifinsu ba, mu muka koya musu haka.

Tun cikin 1676 wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, ya hango su da madubi a ɗigon ruwa. Daga baya masana suka gane masu cuta kaɗan ne cikinsu. Su ke sa madara ta zama nono, kalwa ta zama daddawa. In ka tuge wake ko gyaɗa, za ka ga 'yan ƙullutai a saiwa. To, ciki su ke zaune, suna ɗebo wa shukar abinci daga iska. Ashe kakanninmu da su ke haɗa wake da dawa a gona ɗaya ba su yi wauta ba. Har maganin tarin fuka na farko, watau streptomycin, daga ƙwayar ƙasa aka samo shi a Amurka cikin 1943.

Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Minna, wadda aka kafa a 1983, babban mazauninta kuwa yana Gidan Kwano, tana da sashen binciken ƙwayoyin nan. Waɗansu su kan ce wannan aikin manyan masana ne, ina ruwan malamin firamare? Ni dai ban yarda ba. In masani ya gano abu, wa zai kai shi ƙauye in ba malami ba? Yaron da bai san amfaninsu ba, shi ne gobe zai banka wa gonarsa wuta, ya ƙone karmamin da za su mayar taki, sa'an nan ya ci bashin takin zamani.

Ban ce a bar tsabta ba. Lalle a wanke hannu, a tafasa ruwa, don kwalara ba ta wasa. Amma da damina mu kai yara lambun makaranta, su tuge wake, su fasa ƙullutun da farce. In cikinsa ja ne, ƙwayoyin suna bakin aiki. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.