DUNIYA LABARI: Masaukin Ƙanƙara Da Masaukin Gishiri

Duk baƙon da ya sauka a filin jirgin sama na Abuja, ya kamo hanya ta Lugbe, ya wuce Kuchigoro zuwa ƙofar birni, zai tarar da otal-otal iri iri suna jiransa. Amma in ya kwana a ɗaya, kamar ya kwana a dukkansu ne. Ginin siminti da gilashi, gado da akwatin talabijin da na'urar sanyaya ɗaki, ba abin da zai shaida masa ƙasar da ya farka a cikinta. A wasu ƙasashe kuwa ba haka abin yake ba.

A can arewacin ƙasar Suwidin, a wani ƙauye mai suna Jukkasjarvi, akwai otal wanda ake ginawa da ƙanƙara zalla tun wajen 1990. Daga Kogin Torne ake yanko ƙanƙarar, a yi bango da gado da kujeru. Baƙo yana kwana bisa fatun dabbobi cikin sanyin da ya kai digiri 5 ƙasa da sifiri. Da hunturu ya wuce sai ginin ya narke ya koma kogi, baɗi a sake wani.

A ƙasar Bolibiya ta Amurka ta Kudu, a bakin filin gishirin Uyuni, an gina otal da tubalan gishiri, har da tebura da gadaje. An ce har doka aka kafa wa baƙi kada su lashi bango. Wannan ba baƙon abu ba ne a Sahara, domin Ibn Battuta ya tarar da gidaje da masallaci na gishiri a Tagaza cikin 1352.

A Kenya kuwa, cikin 1932 aka kafa masaukin Treetops bisa wata babbar itaciya, don baƙi su kalli giwaye suna shan ruwa da dare. Nan Gimbiya Elizabet ta kwana cikin watan Fabrairu na 1952, a daren da mahaifinta Sarki Joji na Shida ya rasu. Watau ta hau itaciya tana gimbiya, ta sauko tana Sarauniyar Ingila.

Mai karatu zai lura da abu guda. Ba wanda ya je aro a cikinsu. Mai ƙanƙara ya yi da ƙanƙara, mai gishiri ya yi da gishiri, mai daji ya yi da daji, kuma mutane suna ketaro teku da kuɗinsu don su kwana a ciki. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Ba sai an je nesa ba ma. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar, tsohon gidan da ake dangantawa da Kawusan, wanda ya yi wa Faransawa ƙawanya a 1916 zuwa 1917, shi aka mai da Otal ɗin Ayar. Baƙi sun yi shekaru suna hawa samansa don kallon hasumiyar babban masallacin garin, wadda ginin ƙasa ce mai tsawon mita 27. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

To, ƙasar Hausa fa me ta rasa? Tana da soro da zaure da zankwaye, da rufin azara da ɗaurin guga, da shafen makuba. Ɗakin ƙasa yana riƙe sanyi da bazara, yana riƙe ɗumi da hunturu, ba ruwansa da ɗaukewar wutar lantarki. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ya isa shaida a kan gwanintar magina. Duk da haka a cikin biranen Kano da Katsina ana ta rushe tsofaffin soraye ana kafa bulo, maginan gargajiya kuwa suna tsufa, 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'i.

Lalle ya kamata attajirai da hukumomin yawon buɗe ido su dubi wannan. Soro ɗaya da aka gyara, aka ja masa ruwan famfo, aka tsabtace makewayinsa, zai sami baƙi, ya kuma ba magina aikin da zai sa su koyar da na baya. In aka yi sakaci har gwanayen suka ƙare, ko an zo da kuɗin daga baya ba za a sami mai ɗaura gugar ba. Allah ya sa masu hali su ji.