Kafin a sayar wa 'yan jari-bola tsohuwar kwamfuta, a duba ramukanta

Alamar nan da ake latsawa a Word don adana rubutu hoton faifan fulofi ce. Faifan mai inci 3.5 megabait 1.44 kawai yake ɗauka, hoto ɗaya na wayar yau yakan fi ƙarfinsa. Kamfanin Sony ya daina ƙera shi a 2011. Shi ya sa da an ga kwamfuta mai ramin fulofi sai a yanke mata hukuncin bola. Wannan gaggawa ce, musamman a yankin Anka, Gummi da Bukkuyum, inda sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin gidaje da yawa.

Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Matashin Tungar Guru da ya ƙware a Facebook da TikTok zai iya shiga ɗakin jarrabawa bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Tsohuwar na'ura ta ishe shi ya koyi buga rubutu ya saba da linzami, ko babu intanet.

Gyaran ba shi da tsada, amma kowane kaya da ramin da yake shiga. Idan kwamfutar tana da mahaɗin SATA, a cire tsohon hadis a sa SSD, nan take za ta yi sauri. Mai mahaɗin IDE kuwa sai an haɗa da adafta. RAM ɗin DDR2 ba ya zama a gurbin DDR3, domin tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. Don haka a ɗauki hoton ramukan da waya kafin a kashe kuɗin mota zuwa Gusau ko kasuwar Farm Centre a Kano. Takardun da suka maƙale a fulofi kuma, akwai na'urar karanta shi mai USB. A kwafe su tun faifan bai lalace ba.

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar tsofaffin injina. Lubuntu da Linux Mint kyauta ne, ba su da nauyi sosai.

Gaskiya ne kwamfutar da babban allonta ya ƙone ba ta cancanci ko sisi ba. Amma wadda ke kunnuwa, gara makaranta ko shagon buga takardu ya gyara ta ya ajiye wa ɗalibai kafin lokacin rajistar JAMB.